Yadda Tiyatar Rage Ƙiba Ke Sauya wa Abinci Hanya a Cikin Hanji

A 'yan shekarun nan an fara samun mutanenmu na Garwa da Marwa da Ngaundare, har da 'yan uwa na Njamena, waɗanda ke tafiya Tunisiya ko Turkiyya ko Indiya a yi musu tiyatar rage ƙiba, su dawo da 'yan ƙananan tabbai a fatar ciki da damin takardu cikin Faransanci ko Turanci. Da yake a kantin magani nake aiki, takardun nan sukan biyo ta hannuna, domin wurinmu ake zuwa neman bitamin da alluran da aka rubuta musu. Abin da na lura da shi shi ne yawancinsu sun san nawa suka biya, sun san kilo nawa suka sauke, amma kaɗan ne za su iya faɗa maka abin da aka yi wa hanjinsu. A gari ana cewa an yanke wa wane hanji an jefar, shi ya sa ya zube. Alhali a irin tiyatar da ta fi shahara cikin waɗanda ke taɓa hanji, wadda takardun ke kira bypass gastrique, ko taƙi ɗaya na hanji ba a fitarwa daga jiki. Hanya ake sauya wa abinci, kuma amfanin aikin da wahalarsa duka daga wannan sauyi suke fitowa.

A halittar da Allah Ya yi mana, abinci yana gangarowa ta maƙogwaro zuwa tumbi, wanda kan ɗauki fiye da lita 1 ba tare da takura ba, a can asid ya jiƙa shi, tumbin ya murza shi har ya zama ruwa-ruwa. A ƙasan tumbi akwai wata 'yar ƙofa ta tsoka da ke buɗewa tana rufewa, tana sakin abincin kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan ƙofa a zuciyarsa domin za mu dawo kanta. Ƙaramin hanji tsawonsa kusan mita 6 ne, ko da yake yakan bambanta sosai daga mutum zuwa mutum, kuma likitoci sun kasa shi gida uku. Na farko shi ne duwodinam, gajere ne, kimanin santimita 25, amma a cikinsa ne ruwan maɗaciya mai zuwa daga hanta yake zuba, haka ma ruwan narkar da abinci na fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi wadda kuma ita ce ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini. Ba tare da waɗannan ruwaye biyu ba, maiƙo da nama ba sa narkewa yadda jiki zai iya tsotsa. A nan duwodinam ɗin ne kuma, da farkon sashen da ke biye masa, jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyam mai gina ƙashi. Sashe na biyu shi ne jejunam, kusan mita 2.5, na uku kuma iliyam, wanda ke ƙarewa a bakin babban hanji.

Yau ba a tsaga ciki don wannan aiki sai da larura. Likitan fiɗa yana yin ƙananan huji 5 ko 6, a hura iskar gas domin fatar cikin ta ɗaga a sami fili, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, yana kallon komai a talabijin. Matakin farko a tumbi yake. Da wata na'ura mai yanka tana ɗinkewa a lokaci guda da jerin ƙananan ƙusoshin ƙarfe, yana raba wani ɗan lungu daga saman tumbi, daidai inda maƙogwaro ya shigo, ya mai da shi 'yar jaka mai ɗaukar mililita 30 ko ƙasa da haka, wato cikin babban cokali 2. Sauran tumbin, wanda shi ne kusan dukkansa, yana nan a wurinsa da jijiyoyin jininsa, yana raye, yana ci gaba da fitar da asid, sai dai abinci ya daina shiga cikinsa har abada.

Daga nan sai ya koma kan hanji. Yana auna kimanin santimita 50 daga farkon jejunam, wasu likitocin sukan ƙara a kan haka, ya datse shi gida biyu. Bakin da ke ta ƙasa, wanda ya zarce zuwa sauran hanji, shi ake jawowa sama a ɗinke da 'yar jakar nan, ta wata ƙaramar kafa. Bakin da ke ta sama, wanda ke haɗe da duwodinam da tsohon tumbi, ba za a bar shi a toshe ba tunda asid da maɗaciya suna ta kwararowa cikinsa, saboda haka sai a auna santimita 100 zuwa 150 daga sabuwar 'yar jakar zuwa ƙasa, a huda gefen hanji a wurin, a ɗinke shi a can. Idan aka zana abin da ya fito a takarda, harafin Y ne: reshe ɗaya yana ɗauke da abinci tsagwaronsa, ɗaya reshen yana ɗauke da ruwan narkarwa ba abinci, sai sun haɗu a ƙasa su zama hanya guda. Wanda ya san yadda Mayo Kebbi ke tafiyarsa daban, Binuwai ke tata daban, sai sun kusa Garwa ruwansu ya gauraya, ya gane fasalin. Narkewar abinci ta sosai tana farawa ne daga wannan mahaɗa, bayan lomar ta riga ta yi tafiyar fiye da mita 1 ba ta gamu da maɗaciya ba.

Wannan fasali bai zo haka kawai ba, an sha wuya kafin a kai gare shi. A shekarun 1950 likitoci a jihar Minnesota ta Amurka suka fara gwada wata dabara wadda ba ta taɓa tumbi ko kaɗan: a bar mutum ya ci yadda yake so, a gajarta masa hanji domin abincin ya wuce ba a tsotse shi ba. A salon da ya fi yaɗuwa daga baya, santimita 35 na farkon jejunam ake haɗawa da santimita 10 na ƙarshen iliyam, a bar mitoci na hanji a gefe babu abin da ke bi ta cikinsu. Mutane sun rame ƙwarai, amma da gudawa ba dare ba rana, da tsakuwar ƙoda, da ciwon gaɓoɓi, da lalacewar hanta wadda ta yi ajalin wasu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙwayoyin cuta sun sami wurin zama a wancan dogon hanji da aka bari a kwance. Zuwa farkon shekarun 1980 an watsar da aikin. Wannan ne ya sa a tiyatar yau sashen da aka kauce masa gajere ne, kuma ba a bar shi a bushe ba, ruwan maɗaciya yana wanke shi kullum.

Wanda ya karkatar da hankali zuwa tumbi shi ne Edward Mason na Jami'ar Iowa, wanda ya lura cewa majinyatan da aka cire wa babban ɓangaren tumbi saboda gyambon ciki ba sa iya mai da jikinsu, ya ce to me zai hana a yi amfani da wannan ga masu matsananciyar ƙiba. Ya yi aikinsa na farko a 1966. A tsarinsa na farko hanji ba a datse yake ba, lanƙwasa shi aka yi aka ɗinke da jakar, sai maɗaciya ta riƙa hawowa tana ƙona maƙogwaro. A 1977 Ward Griffen ya magance wannan ta hanyar aro haɗin mai siffar Y, wanda César Roux, likitan fiɗa a birnin Lausanne na Suwizalan, ya ƙirƙira tun shekarun 1890 domin masu toshewar tumbi, kuma sunansa aikin ke ɗauke da shi har yau. A 1994 Alan Wittgrove da Wesley Clark suka wallafa yadda suka yi shi ta ƙananan huji a San Diego, daga nan ne ya yaɗu a duniya.

An daɗe ana koyar da cewa aikin yana sa rama ta hanya biyu, wato jakar ta hana cin da yawa, gajartar hanji kuma ta hana tsotsa. Na farkon gaskiya ne, musamman a watannin farko. Na biyun kuwa bai kai yadda ake zato ba, domin daga mahaɗa zuwa babban hanji yawanci akwai sauran mita 3 ko fiye, kuma wannan ya isa ya tsotse mafi yawan abin da aka ci. Babban sirrin yana ga saƙonnin da hanji ke aikawa. A can ƙasan ƙaramin hanji akwai ƙwayoyin halitta waɗanda, idan abinci ya iso gare su, suke sakin sinadarai cikin jini, fitaccensu shi ne GLP-1, su shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, su kuma umarci fankiriyas ta fitar da insulin. Kafin tiyata abinci yakan iso can a makare, kaɗan-kaɗan, mafi yawansa an riga an tsotse. Bayan tiyata yana faɗowa cikin mintuna, sai saƙon ƙoshi ya tashi da ƙarfi tun mutum bai yi loma biyar ba. Da yawa kan ce sha'awar maiƙo da zaƙi ma ta fita daga ransu. Alluran nan na rage ƙiba da ake ta magana a kansu yanzu, irin su Ozempic, kwaikwayon wannan sinadari na GLP-1 suke yi.

A nan ne kuma batun ciwon sukari ya shigo. Walter Pories da abokan aikinsa a jihar North Carolina sun wallafa a 1995 cewa mafi yawan masu ciwon sukari nau'i na biyu da suka yi wa wannan tiyata sukarinsu ya daidaita, kuma sau da yawa cikin kwanaki, tun kafin su sauke wani nauyin kirki. A matsayina na mai ba da magani, wannan yana nufin wanda ya dawo gida ya ci gaba da shan ƙwayar glibenclamide ko yin allurar insulin a tsohon ma'auni yana iya faɗuwa saboda sukarinsa ya yi ƙasa fiye da kima, haka ma maganin hawan jini yana buƙatar likita ya sake duba shi. Nauyin kuwa yakan sauka da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku a cikin watanni 12 zuwa 18, ta yadda mai kilo 120 zai iya komawa 85 ko 90, sannan da tafiyar shekaru wani abu daga ciki yakan dawo.

Yanzu mu koma ga 'yar ƙofar nan ta ƙasan tumbi, wadda sabuwar hanya ta bar ta a gefe. Goggona, ƙanwar mahaifina, an yi mata wannan aiki a ƙasar waje, kuma wata rana da la'asar ina gidanta ana dafa shayi a tsakar gida, aka miƙa mata kofi daga dahuwar ƙarshe, wadda ta fi kowace sukari. Ba a yi kwata ɗin awa ba sai na ga ta ajiye carbi, gumi yana tsattsafowa a goshinta, ta dafe ƙirji ta ce zuciyarta na dukan uku-uku, cikinta yana ƙugi, ta zame ta kwanta a tabarma. Na ce, “Goggo, me kika ci tun azahar?” Ta ce, “Wallahi ɗan nan, shayin nan ne kawai, ko rabin kofi ban sha ba. Ko dai ɗinkin ne ya warware?” Ɗinki lafiyarsa lau. Ruwan sukari ne ya zuba kai tsaye cikin jejunam babu mai tare shi, hanjin ya jawo ruwa daga jini domin ya tsarma shi, jini ya ragu a jijiya, sai jiri da bugun zuciya da murɗar ciki suka biyo baya. Bayan ta ɗan kwanta abin ya sake ta. Akwai kuma nau'i na biyu na wannan matsala mai zuwa bayan awa 1 zuwa 3, inda sukarin da ya shiga jini da gudu yake sa a fitar da insulin fiye da buƙata, mutum ya kama rawar jiki da yunwa da ruɗewa.

Duk wanda ya san teburinmu ya san nan ne gizo ke saƙa. Shayi mai kauri da sukari, kunun gyaɗa, zoɓon da a nan muke kira folere, fura da aka dama da sukari, lemon kwalba a wurin biki, kowannensu yana iya kwantar da mai sabuwar hanya. Tuwo kuma, ko na dawa ko na masara, loma biyu ta cika jakar ba ta bar wa nama wuri ba, alhali jikin da ke rama da sauri yana buƙatar furotin aƙalla giram 60 a rana, in ba haka ba tsoka ce za ta zube tare da kitse, gashi ma ya kakkaɓe. Don haka tsarin cin ya juye: a fara da kifin Lagdo, ko ƙwai, ko wake, ko kindirmo marar sukari, ko nama da ya dahu lugub, in akwai sauran wuri a taɓa tuwo. Kilishi da tsire, da yake busassu ne, sukan tsaya a kafar idan ba a tauna su sun yi laushi ba. Ga kuma abin da babu likitan waje da zai faɗa maka, wato wahalar cin abinci a kwano ɗaya da jama'a, inda mai cire hannu da wuri sai an tambaye shi ko miyar ce ba ta yi ba, a garin da ake ɗaukar ƙiba alamar hutu, rama kuma ta sa a fara raɗe-raɗin ciwo.

Ruwa ma sai da dabara. Ba a haɗa shi da abinci, ana barin kusan minti 30 tsakani, kuma ba a kwankwaɗa, sai kurɓi-kurɓi duk yini har a tara lita 1.5 ko fiye. A Garwa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wanda ba zai iya shanye moɗa guda a tsaye ba yana cikin haɗarin bushewar jiki da tsakuwar ƙoda. Shi ya sa likitoci kan ba da shawarar a ɗage azumi a watannin farko bayan aikin, kuma addini ya yi wa majinyaci rangwame. Wanda ya warware ya fara azumi kuwa, buɗa-baki da kunu mai sukari a ciki wayam shi ne abin da ya fi kayar da shi.

Abin da ya fi damuna, domin shi nake gani a kanta, shi ne rashin da ba ya nuna kansa da wuri. Tunda abinci ya daina bi ta duwodinam, sinadarin ƙarfe da kalsiyam sun rasa babbar ƙofarsu. Mace mai jinin al'ada, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke cin jini kowace damina, ba ta da rarar da za ta yi asara, kuma wasu ƙwaya ba ta isar su sai an yi musu ƙarin sinadarin ta jijiya. Bitamin B12 kuma yana buƙatar asid ya raba shi da nama, da wani sinadari na tumbi da zai raka shi har iliyam, 'yar jakar kuwa ba ta samar da isasshen ko ɗaya. Hanta tana da ajiyar B12 ta shekaru, saboda haka mutum zai daina allurarsa ya ga babu abin da ya same shi, ya ce likitocin nan kuɗi kawai suke so, sai bayan shekara biyu ko uku ƙafafu su fara dindiris da jin kamar ana tsira allura, mantuwa ta shigo, kuma lahanin jijiya idan ya daɗe ba lallai ya warke duka ba. Bitamin B1 akasin haka yake, ajiyarsa ta 'yan makonni ce. Wanda aka yi wa wannan tiyata ya yi ta amai kwana da kwanaki yana buƙatar asibiti da gaggawa, kuma dole a gaya wa ma'aikatan abin da aka yi masa, domin ƙarin ruwa mai sukari kafin a ba shi B1 yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Bitamin na kullum da awon jini aƙalla sau ɗaya a shekara ba su da ranar ƙarewa, kuma kuɗinsu ya kamata ya shiga lissafi tun kafin a sayi tikitin jirgi.

Sai magungunan ciwon jiki. Fatar jejunam ba a halicce ta don ta jure asid ba, saboda haka wurin da aka ɗinke ta da jakar yana saurin yin gyambo, kuma manyan masu jawo shi su ne taba da ƙwayoyi irin diclofenac da ibuprofen da aspirin, waɗanda a nan ake sayar da su a faranti a bakin kasuwa, ana haɗa wa mutum uku-uku a leda don ciwon baya. Paracetamol shi ne abin sha, sai fa in likita ya ce wani abu daban. Mata kuma su sani haihuwa takan buɗe da zarar nauyi ya sauka, ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba lallai ta tsotsu yadda ya kamata ba, kuma ana so a jinkirta ɗaukar ciki watanni 12 zuwa 18.

Ba kowace tiyatar rage ƙiba ce ke da wannan fasali ba. Wadda ake kira sleeve, wadda yanzu ta fi kowace yawa a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ake yankewa a fitar, ba a taɓa hanji ko kaɗan. Akwai mai haɗi ɗaya tak wadda Robert Rutledge ya fara a 1997, da kuma dangin aikin Nicola Scopinaro na Italiya, waɗanda ke kai mahaɗar can kusa da babban hanji, su fi sa rama, su kuma fi jawo gudawa da ƙarancin abinci mai gina jiki. Game da wanda ya cancanta, ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce sai ma'aunin BMI, wato lissafin nauyin mutum idan aka gwada shi da tsawonsa, ya kai 40, ko 35 tare da cuta irin sukari, kuma a 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauto da shi zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa. Mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 110 yana kan 40. Ga irin wannan mutum, wanda gwiwa ta gaza, numfashi ke ɗauke masa cikin barci, sukari ya ƙi jin magani, ni ban ga laifin aikin ba, kuma a hannun ƙwararru haɗarin mutuwa a cikinsa bai kai 1 cikin 200 ba. Wadda ke son ta rage kilo 10 kafin biki kuwa ba nata ba ne.

Akwai haɗari guda da ke tasowa daga siffar Y ɗin kanta, kuma yana iya zuwa bayan shekaru. Lokacin da aka datse hanji aka jawo shi sama, ana barin 'yan gibi a tantanin da ke riƙe da hanji. Likitoci da yawa sukan ɗinke su, amma idan kitsen wurin ya narke gibin yana iya sake buɗewa, wani lanƙwason hanji ya kutsa ciki ya murɗe, jini ya daina isa gare shi. Alamarsa ciwon ciki ne mai tsanani, wani lokaci yana zuwa yana tafiya bayan cin abinci, wani lokaci ko amai babu idan reshen maɗaciya ne ya toshe, kuma hoton sikana ma yakan kasa nuna shi. Irin wannan ciwo ba na jiƙo ba ne, ba kuma na jiran gobe ba, domin hanjin da ya shaƙe yana iya mutuwa cikin awoyi. Likitan fiɗa da zai karɓi majinyacin a Garwa ko Marwa ko Njamena ba shi ne ya yi aikin farko ba, kuma bututun kyamara da ake zurawa ta baki ba ya isa tsohon tumbi cikin sauƙi. Abin da zai taimake shi shi ne cikakken rahoton tiyatar, wanda ya faɗi irin aikin da aka yi, da tsawon kowane reshe da santimita, da ko an rufe gibin ko ba a rufe ba. Wannan takarda a nemi a karɓo ta kafin a baro asibitin can, a ɗauki hotonta a waya, a kuma ba wani na kusa a gida kwafi.